Sabon Gida, Ƙaramin Fili

Idan ka daɗe a gidan haya, ba sai an gaya maka daɗin kalmar nan "gidana" ba. Ka san zafin ƙarin kuɗin haya da yake zuwa ba sallama, ka san rigimar rabon kuɗin wuta, ka san yadda zuciyarka take yi idan an tsawata wa 'ya'yanka don sun yi wasa a ƙofar wani. Shekara da shekaru kana adashi, kana matse cikinka, ko kuwa kuɗin sallamarka ne na barin aiki ya fito. Yanzu dillali ya kai ka ka ga wani gida a sabuwar unguwa. Fenti bai gama bushewa ba, tayil na walƙiya, ɗaki uku da falo, kowane ɗaki da banɗakinsa. Abu ɗaya ne kawai: a kan rabin fuloti aka gina shi. In ka miƙa hannu ta taga, sai ka taɓa katanga. Can wani wuri kuma, a kusan kuɗi ɗaya, akwai tsohon gida mai cikakken fuloti da bishiyar mangwaro a tsakar gida, sai dai silin ya fara zubowa, wayoyin wuta ma sai an sake su.

Wasu za su ce wannan ba maganar da za a sa a littafin ibada ba ce, lissafi ne tsakaninka da aljihunka. Ni ban ga haka ba. Wataƙila a duk rayuwarka ba za ka sake fitar da kuɗi mai yawa irin wannan a rana ɗaya ba. Kuma abin da ka zaɓa zai shafi mutanen da ba a tambaye su ba: matarka, 'ya'yanka, tsohuwarka da take ƙauye, baƙon da bai riga ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, da maƙwabcin da ba ka san sunansa ba tukuna. Duk shawarar da wasu za su ɗauki nauyinta ba da saninsu ba, ta zama abin da za a kai gaban Allah.

Ƙananan filayen nan ba haka kawai suka yawaita ba. A Kaduna, bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, mutane da yawa sun bar unguwannin da suka girma a ciki, kowa ya koma inda yake ganin zai iya barci da ido biyu a rufe. Unguwanni irin su Sabon Tasha, Narayi, Ungwan Romi da Gonin Gora suka cika suka tumbatsa, gonaki suka zama gidaje. Haka abin yake a Mararaba da Masaka, inda masu aiki a Abuja suke kwana saboda hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu. Inda mutane suka yi yawa, ƙasa takan yi tsada, inda ƙasa ta yi tsada kuwa, mai gini don sayarwa zai yanka fuloti ɗaya ya fitar da gida biyu. Fulotin da aka saba da shi ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, wato wajen murabba'in mita 465. Rabinsa ƙafa 50 ne ta kowane gefe, murabba'in mita 232 ke nan. Ka ɗora gini mai ƙafa 40 a faɗi da 35 a tsawo a kai, sai ka ga ƙafa biyar-biyar ne suka rage a gefe da gefe, sauran ƙafa 15 kuma a raba su tsakanin gaba da baya. A ciki za a sa sokawe, da tankin ruwa, da janareta, da igiyar shanya, da mota in Allah ya ba ka.

Ba na so ka ji kamar ina kushe sabon gida. Maganar Allah ba ta raina farin cikin mai sabon gida ba. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 20, mutumin da ya gina sabon gida bai kuwa keɓe shi ba, an ba shi izini ya bar fagen yaƙi ya koma gida, don kada ya mutu wani ya ci moriyar wahalarsa. Allah ya san abin nan yana da daraja a zuciyar ɗan adam. Sabon gida yana da amfaninsa na gaske kuma. Gwauruwar da ba ta da mai bi mata birkila da kafinta, dattijo da matarsa da 'ya'yansu suka watse, ma'aikacin da yake fita da asuba ya dawo bayan magariba, duk waɗannan babban fili zai iya zame musu kaya, ciyawa ta yi tsawo, macizai su sami mafaka. Tsohon gida kuma yakan ɓoye ciwonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai sayarwa kuwa ba lalle ne ya nuna maka ba. Akwai waɗanda suka sayi tsohon gida da murna, gyara ya cinye musu abin da ya kusan kai kuɗin sayen.

Yalwar fili ita ma ba alamar tsarki ba ce. Ahab sarki ne, yana da fada a Yezreyel, amma ya kwanta ya juya fuska ga bango ya ƙi cin abinci saboda gonar inabin Nabot, wadda yake so ya mai da ita lambun ganyen miya. Ƙarshen wannan sha'awa jinin marar laifi ne. Annabi Ishaya a sura 5 ya yi wa masu haɗa gida da gida, gona da gona, kashedi mai zafi, domin suna cinye wuri har talaka ya rasa inda zai sa ƙafa. Saboda haka in ka ji wani yana taƙama da fuloti huɗu a katange, shi da matarsa da kare ɗaya, kada ka ɗauka ya fi ka kusa da Allah.

Amma ka lura da abin da yake jan ka zuwa sabon gidan. Sau da yawa ido ne. Sa'ad da Ibrahim ya ba Lutu zaɓi a Farawa sura 13, Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun kore shar, ruwa ko'ina, ya zaɓa nan take. Abin da ya gani gaskiya ne, kwarin yana da kyau. Abin da bai bincika ba shi ne su wa zai zauna a cikinsu, da abin da wurin zai yi wa iyalinsa. Masu gini don sayarwa sun san ƙarfin ido sarai, shi ya sa wasunsu suke zuba kuɗi a fenti da fitilun ado da ƙofar falo, su tsuke hannu a wurin da ba a gani: zurfin harsashi, yawan rodi, yawan simintin da aka sa a bulo, ledar da take hana daɓe tsotsar ruwa. Hausawa suna da sunan irin wannan kyau, kyan ɗan maciji. Sabunta kuwa aba ce mai wucewa. Bayan damina biyar, sabon gidan ya zama gida kawai, fenti ya koɗe, amma katangar tana nan inda take, ba za ta matsa ko taku ɗaya ba. Tsohon rufi ana iya sake shi a hankali, bana ɗaki ɗaya, baɗi ɗaki ɗaya. Fili kuwa in babu shi, babu shi.

Akwai wata doka a Maimaitawar Shari'a sura 22 da ba a cika yin wa'azi a kanta ba. An umarci duk wanda ya gina sabon gida ya ja wa rufinsa rawani, wato 'yar katanga kewaye da bakin soro. A ƙasar Isra'ila rufi shimfiɗaɗɗe ne, ana hawa a sha iska, a yi shanya, a kwana lokacin zafi, kamar yadda aka san soraye a tsoffin biranen ƙasar Hausa. Mai gidan ya san bakin rufinsa, da wuya ya faɗo. Wanda zai faɗo shi ne baƙo, ko yaro, ko maƙwabcin da ya hau da dare. Dokar ta ce in hakan ya faru, alhakin jini yana kan gidan. Ka ga ke nan, tun daga ranar gini Allah ya sa mai gida ya kashe kuɗinsa saboda lafiyar wani. A ƙaramin fili, wannan doka tana da aiki fiye da ko'ina, domin duk abin da ka yi a gidanka yana tsallaka katanga.

Ɗauki maganar ruwan sha. Masana kiwon lafiya suna ba da shawara a bar tazarar wajen mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe, domin ƙazanta tana bin ƙarƙashin ƙasa. Mita 30 kusan ƙafa 100 ne. A filin ƙafa 50, ko ka auna daga wannan kusurwa zuwa waccan, abin da za ka samu bai wuce ƙafa 71 ba. Wato ba yadda za ka yi ka cika wannan tazara a cikin gidanka. In ma ka kai sokawe can ƙarshen katanga don ya yi nisa da rijiyarka, ka leƙa bayan katangar. Mai yiwuwa rijiyar maƙwabcinka tana nan daf da shi, daga ita ake ɗibar ruwan da ake dama wa jaririnsa koko. In taifot ko amai da gudawa suka shiga gidan nan, ba wanda zai zo ya kama ka, ba kotun da za ta kira ka. Amma wanda ya ba da dokar rawani yana ganin ƙarƙashin ƙasa kamar yadda yake ganin saman soro. Wannan ba ya nufin ƙaramin gida haramun ne. Yana nufin kafin ka biya, ka tambaya ina ramin yake, ina rijiyoyin kewaye suke, an yi ramin da siminti yadda ba zai yi yoyo ba ko kuwa rami ne kawai aka rufe bakinsa, daga ina unguwar take shan ruwa. In akwai rijiyar burtsatse mai zurfi da aka gina da kyau, wadda gidaje suke sha tare, matsalar ta ragu ƙwarai.

Haka kuma ruwan sama. A yawancin sababbin gidajen nan, abin da rufi bai rufe ba an malale shi da siminti, ba ko tafin hannu na ƙasa da ruwa zai nutse. Ruwan sama mai milimita 30, irin wanda ake yi cikin dare ɗaya a watan Agusta, in ya sauka a kan murabba'in mita 232, ya kai wajen lita 7,000. Jarka mai lita 25 sai an cika kusan 280. Duk wannan ruwa ta ƙarƙashin get ɗinka zai fita. In unguwar tana da magudanar ruwa, to. In babu, zai gangara ya shiga ɗakin wanda yake ƙasa da kai, wanda sau da yawa shi ne ya fi ka talauci, shi ya sa ya sayi kwari. Kai kana barci lafiya kana gode wa Allah saboda ni'imar damina, shi yana kwashe ruwa da bokiti yana ɗaga katifa. Sai ka haɗa da janareta, wanda a tsukakken wuri bakin hayaƙinsa yakan fuskanci tagar wani, hayaƙin nan kuwa yana kisa ba tare da an ji wari mai yawa ba. Har ma da addu'ar dare. Mu masu ɗaga murya ne a gaban Ubangiji, ba ma jin kunyar hakan, amma in tagarka da tagar ma'aikaciyar jinya da ta dawo daga aikin dare ƙafa shida ne tsakaninsu, ƙauna za ta koya maka yadda za ka yi kokawa da Allah ba tare da ka hana ta barci ba.

Sai mu shigo cikin gidan. Kai maigida wataƙila sa'o'in da kake yi a gida ido biyu ba su da yawa. Wanda ya fi sanin ƙuncin fili shi ne wanda yake wuni a ciki. Ina za a hura gawayi ranar da gas ya ƙare? Ina za a shanya masara da kuɓewa da aka aiko daga ƙauye? Ina yara za su yi guje-guje? Yaron da ba shi da tsakar gida, ko dai ya fita titi inda babura suke wucewa, ko ya zauna a kujera da waya a hannu tun safe. A watan Maris da Afrilu, gidan da ba bishiya ko ɗaya, katanga kuma ta tare iska, yakan zama kamar tanderu, in aka ɗauke wuta ba mai iya barci. A da, ko talaka yana da zogale da gwanda a bayan ɗaki, da 'yan kaji biyu uku, waɗanda suke rufa asiri ranar da albashi ya makara. Kada ka yanke shawarar nan kai kaɗai sa'an nan ka kira shi shugabanci. Ka kai matarka ta tsaya a kicin ɗin, ta zaga bayan gidan, ka kuma yi shiru ka ji abin da za ta faɗa. Ke ma 'yar'uwa, in ke ce kike matsa wa maigida don ƙawarki ta tare a gida mai tayil, ki tambayi zuciyarki ko za ki so gidan nan in da ba mai zuwa ganinsa.

Maganar baƙi ta fi wuya, domin a nan ne zuciya takan yi wayo. Ikilisiya ta fari a gidaje ta girma. Akila da Bilkisu sun buɗe gidansu ga masu bi. A gidan Maryamu, uwar Yahaya Markus, aka taru ana addu'a daren da mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Har yau zumuntar gida ita ce inda sabon tuba yake samun 'yan'uwa na kusa. Mu kuma mutane ne masu dangi. Ɗan ƙaninka zai sami makaranta a birni, surukarka za ta zo asibiti ta yi wata biyu, wata rana kuma rikici ko 'yan bindiga za su tashi ƙauye guda, mutum goma su iso ƙofarka da ƙullin kaya a ka. Waɗanda suka zauna a Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai sun san ba tatsuniya nake yi ba.

Duk da haka, ba faɗin fili ne yake karɓar baƙo ba. Matar nan ta Shunem da ke cikin 2 Sarakuna sura 4, ɗan ƙaramin ɗaki ta sa aka gina wa Elisha a kan rufi, aka sa gado, da tebur, da kujera, da fitila. Abu huɗu kawai, annabi kuwa ya sami wurin hutawa. Gidan da Yesu ya koyar a Kafarnahum ya cika har ƙofa ta toshe, sai da mutum huɗu suka buɗe rufi suka zurara abokinsu shanyayye. Ƙaramin gida bai hana ikon Allah sauka ba. Na san falo mai kujera shida da ya ɗauki zumuntar mutum ashirin shekara da shekaru, yara a ƙasa, manya a kan benci na aro.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne dalilinka. Akwai mai sayen ƙaramin gida domin iyakar ƙarfinsa ke nan, zuciyarsa kuwa a buɗe take. Akwai kuma wanda yake da halin sayen mai faɗi, amma ya zaɓi ƙarami da gangan, don in dangi suka kira ya ce, "Wallahi da akwai wuri..." Katangar ta zama mai faɗa masa "a'a" da bakinsa ya kasa faɗa. Ba zan yi saurin hukunta shi ba, domin na san akwai dangin da in suka sauka ba sa tashi, akwai auren da yawan baƙi ya raunana, kuma daidai ne mutum ya kāre gidansa. Amma Bulus ya rubuta wa Timoti da kakkausar murya game da mai bi da ya ƙi kula da danginsa, musamman na cikin gidansa. In mahaifiyarka tana da rai, ƙarfinta yana raguwa, kai ne kuma za ta dogara gare shi, to ka tsaya a cikin gidan nan ka nuna wa kanka ɗakin da za ta kwana, da inda za ta shimfiɗa tabarma ta sha hantsi. Tsohuwar da ta yi shekara saba'in tana ganin sararin sama, in ka kulle ta tsakanin bango huɗu da talabijin, ba za ta yi maka ƙorafi ba, sai dai ka ga tana ta tambayar ranar da za a mai da ita gida.

Yanzu kuɗi. Sabon gida yakan fi tsada a kan kowace ƙafa, mai sayarwa kuma yana son kuɗinsa a dunƙule, shi ya sa mutane da yawa suke cikawa da bashi. A cikinmu akwai wata magana da ake yi, wai a saya "ta bangaskiya". Na gaskata Allah yana buɗe ƙofofi, na kuma ga ya yi. Amma Yesu da kansa, a Luka sura 14, ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi, don kada ya zama abin dariya. Zama da biro da takarda ba rashin bangaskiya ba ne, Ubangiji ne ya ce a yi. To, ga lissafin. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, yana kuma ba masu zubi rance ta hannun Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. In ka ci naira miliyan 10 a wannan ruwa na shekara 20, za ka riƙa biyan wajen naira dubu 72 a wata. Bankin kasuwanci kuwa wani labari ne. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Ko da a kashi 25 aka ba ka miliyan 10 ɗin nan, ruwa kaɗai ya haura naira dubu 200 kowane wata, uwar kuɗin ba ta ko motsa ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fita ba.

Ka tuna da gwauruwar da ta zo wurin Elisha tana kuka a farkon wannan sura ta 2 Sarakuna 4. Mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, mai tsoron Allah ne, Elisha ma ya san haka. Amma ya mutu da bashi, mai bin bashin kuma ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Allah ya cece ta da mu'ujizar mai, muna kuwa yabonsa saboda haka. Sai dai kada mu tsallake abin da ya faru kafin mu'ujizar: tsoron Allah na mutumin bai hana bashinsa faɗa wa matarsa da 'ya'yansa ba. In biyan bashin gida zai sa a kori 'ya'yanka daga makaranta, ko ka fara ɓoye wa masu bin ka kuɗi, ko hannunka ya fara kai wa ga kuɗin ofis, ko ka daina taimakon kowa har shekara goma, to gidan ya fi ƙarfinka, kome kyansa. A nan ƙaramin fili yana iya zama alheri. In rabin fuloti ne za ka iya biya ba tare da ka sa wuyanka a igiya ba, ka saye shi da godiya, kada kuma ka ji kunyar kowa. Shaidar da za ka bayar ranar Lahadi minti biyar ce, ana tafi ana rawa a gama. Biyan bashin kuwa kai kaɗai za ka yi shi, wata bayan wata.

Maganar takardu ma ba ta rabu da ibada ba. Sa'ad da Allah ya ce wa Irmiya ya sayi gonar Hanamel, ɗan'uwansa, a Anatot, sojojin Babila suna kewaye da Urushalima, shi kansa annabin yana tsare. Saye ne na bangaskiya tsantsa, da umarnin Allah kai tsaye. Duk da haka sura 32 ta nuna ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu a takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya ba Baruk takardun biyu, mai hatimi da buɗaɗɗiya, ya ce a ajiye su cikin tulun ƙasa don su daɗe. In annabin da ya ji muryar Allah bai yi wasa da takarda ba, kai ma kada ka yi. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar mallaka da ake kira C of O yawanci ta shekara 99 ce, kuma mai ita ba ya iya miƙa ta ga wani sai da amincewar gwamna. Matsalar rabin fuloti ita ce sau da yawa takarda ɗaya ce ta rufe dukan fulotin, tana kuma ɗauke da sunan mutum ɗaya. In ba a raba ta a hukumance ba, abin da yake hannunka yarjejeniya ce kawai tsakaninka da mai sayarwa, shi kuwa yana iya kai asalin takardar banki ya ci bashi da ita. Ka je ofishin filaye, KADGIS in a Kaduna kake, AGIS in a Abuja, ka bincika. Ka tambaya ko hukumar tsara birni ta amince da zanen ginin, domin gidan da ya ci hanya ko ya hau magudanar ruwa, jan fenti ne yake jiransa. Ko da mai sayarwar dattijon ikilisiya ne, kuna cin Jibin Ubangiji tare, ka ɗauki lauya. Takarda mai kyau tana kāre zumuncinku, tana kuma kāre matarka ranar da ba ka nan da za ka yi bayani.

Dillali zai ce maka akwai mutum uku da suke jira da kuɗi a hannu, in ba ka biya gobe ba ka rasa. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma ya faɗa wa mutum ukun haka game da kai. Ka ɗauki kwanaki ka yi addu'a, kai da matarka, har da azumi in Ruhu ya bishe ku. In da hali, ka koma gidan bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka duba gindin bango, ka bi ruwan da ƙafarka ka ga inda yake ƙarewa. Ka zo da magininka, ba na mai sayarwa ba, ya ƙwanƙwasa bulo ya hau cikin silin. Sa'an nan ka yi sallama a gidan da yake bayan katanga, ka gaishe su, ka roƙi ruwan sha, ka tambaye su daga ina suke ɗibarsa.